Yajin da Ba Innar Dije Ce Ta Daka Ba

Ƙofar ɗakin 'yata Zainab ce ta yi wata 'yar ƙara, ƙyas, irin wadda ake ji idan mutum ya riƙe mariƙin ƙofa ya sake shi a hankali don kada a lura. Ina kicin ina yanka albasa. A gidan nan na unguwar Abu Hail a Dubai ba a rufe ƙofa da rana, domin esin falo ne kaɗai mai ƙarfi, kowa barin tasa yake a buɗe sanyi ya shiga. Da na ji an rufe, kuma da wannan lallaɓawar, sai na ajiye wuƙar. Ƙarfe tara da 'yan mintoci ne na safiyar Talata, a Kano kuwa ba a daɗe da fitowa daga sallar asuba ba. Wayar da ke shigowa daga gida a irin wannan lokacin ba ta gaisuwa ba ce.

Ku 'ya'yana, na san maganar abin da na yi a wancan makon ta zaga ku duka, na Kano da na Kaduna, kowa ya faɗi nasa. Ban tanka ba, don ni a baki ban iya dogon bayani, kuka ke riga ni. Shi ya sa na ce a wannan babin zan zauna in rubuta muku shi tun daga tushe.

Da Zainab ta fito idanunta sun kaɗa. Ta tsaya a bakin kicin ta ce,

"Mama, Hajiya Babba ta rasu. Yanzu bayan asuba."

Hajiya Babba ita ce mahaifiyar mijin Zainab. Sunanta aka sa wa jikata, shi ya sa duk gidan ake kiran yarinyar Ummi, kuma a ɗakinta Ummi ta tashi har ta shekara takwas, kafin iyayenta su samu wurin zama a nan su ɗauko ta. Ba a yi awa guda ba Baban Ummi ya dawo daga ofishinsu na jigilar kaya da ke Al Sabkha. Ya zauna a ƙasa a gabana kamar yadda ya saba, na yi masa gaisuwa, muka yi mata addu'a. Sannan ya ce,

"Mama, jana'iza dai ba zan samu ba, da hantsi za su kai ta. Zan bi jirgin yamma. Abu ɗaya nake roƙo, kada Ummi ta ji. Takarda huɗu ta rage mata, kwana tara ne kawai. In ta gama, ni da kaina zan gaya mata."

Ummi tana tsakiyar jarrabawar gama sakandare a lokacin, wadda da ita za ta nemi karatun likita. Wayarta ma tana hannun uwarta, ita da kanta ta miƙa tun farkon jarrabawar don kada ta ɗauke mata hankali. Aka bi dangi ɗaya bayan ɗaya aka ja musu kunne. Ni kuma na ce to. Ku riƙe wannan, da bakina na ce to.

Ummi ta dawo daga makaranta ta tarar da ubanta yana haɗa jaka. Ya ce mata kontena ce ta maƙale a Legas. Ta ruga ɗakinta ta dawo da wata 'yar kwalba.

"Abba za ka biya Kano ai? To ka kai wa takwarata man gwiwarta. Ka ce safe da yamma za ta shafa, ba sai ta ji ciwo ba, na san halinta. Ka ce ina gamawa zan kira ta, ta tanadi labari."

Ya karɓa ya ce inshallah, ya sunkuya yana ta gyaran zif ɗin jakar da babu abin da ya same shi. Ina tsaye ina kallonsu, ni da na taɓa tsayawa a irin wannan wurin, shekara hamsin da ɗoriya da suka wuce.

Kun san na yi kwalejin horon malamai mata, kun sha ganin hoton nan da muke jere cikin fararen riguna da shuɗin kallabi. Abin da na saba ba ku labari shi ne na dariya. Ƙararrawarmu tsohon wilin babbar mota ne da aka rataye a jikin darbejiya, in maigadi ya doka shi har cikin haƙorinka za ka ji. Famfo biyu ne ga makaranta guda, saboda haka bokiti ne ke yi wa mutum layi, kuma kowa ta san bokitin kowa kamar yadda ta san fuskarta. Ranar Asabar wanki ne da bula da sitaci, sai rigimar dutsen guga, guda uku ga ɗaki mai mutum talatin, ana hura gawayi ana rantsuwa a kan wadda ta riga kamawa. Da la'asar a baje a gindin mangwaro ana kitso, 'yan kudancin lardi suna koya mana saƙa da waƙoƙinsu na coci da ba mu san ma'anarsu ba, mu kuma muna koya musu lalle. Abinci kuwa tuwon dawa ne da miyar kuka da za ka iya hango gindin kwano ta cikinta. Don haka a wurinmu mai arziki ita ce mai yaji. Kuma ba a cin abinci ɗaiɗai, kowace yarinya tana da abokiyar kwano, a haɗa rabo biyu wuri guda, a barbaɗa abin da Allah ya hore.

Abokiyar kwanona Dije ce, tun daga aji ɗaya har aji biyar. Unguwarmu ɗaya a garinmu, gidansu yana bayan namu. Gadonmu ma ɗaya ne mai hawa biyu, ita a sama ni a ƙasa, don ni ina tsoron faɗowa. Doguwa ce, baƙa, mai baki kamar reza, ga kai a lissafi. Ita ta laƙa mini sarkin kuka, saboda ko wata aka yi wa faɗa ni ce ke fara hawaye. Mahaifinta ya rasu tun tana firamare. Innarta ce ke riƙe da su, ita da ƙannenta uku, da sana'ar daddawa da dakan yaji. Duk unguwa an san cewa takardar shaidar malanta da Dije za ta samu ita ce abin da gidan nan ke jira.

Akwai wata al'ada a makarantar da ban taɓa gaya muku ba. Ba a faɗa wa yarinya mutuwa a cikin makaranta. In saƙo ya zo, Mama Metiron, wata dattijuwar Banufiya da ke kula da ɗakunan kwananmu, ita za ta zo bakin ƙofa ta kira suna a hankali ta ce,

"Wance, ɗauko mayafinki, ana son ganinki a gida."

Sai a haɗa ta da wata 'yar garinsu ta raka ta. Ita 'yar rakiyar an gaya mata gaskiya, aikinta shi ne ta riƙe bakinta har ƙofar gida, inda akwai manyan da za su tare ta. Dukanmu mun san ma'anar mayafin nan. In aka faɗe shi ɗaki yakan yi tsit, wata ta ɗauko mata takalmi, wata ta ɗaure mata kaya. Amma yarinyar ba ta san ko wane ne ba, kuma muddin ba a furta ba tana da ɗan abin da za ta riƙe a hanya. Ni a lokacin ina ganin wannan tausayi ne, har yau ma ban ce ba shi ba ne.

Lahadin farko ta kowane wata ita ce ranar ziyara. Babanmu, kakanku, tela ne, yakan biyo motar kasuwa ya zo, kuma kullum da ƙulli biyu yake zuwa, nawa da na Dije, don Inna ba ta da halin yin tafiyar. Nata a tsohon yankin atamfa take ɗaurewa, da ƙuliƙuli da daddawa da yaji cike da gwangwanin madara. Yajin Inna ya yi suna har a ɗakin aji uku. Kuma ba ta aiko ƙulli haka nan, sai ta haɗo da saƙon baki, wata 'yar tsokana da Baba zai faɗa mini ni kuma in isar, don shi ba ya wasa da 'ya'yan mutane.

A ziyarar ƙarshe, saura kwana biyu mu fara jarrabawar fita, na hango Baba ya shigo amma bai nufo gindin bishiyar da muke zama ba, ya wuce wurin Mama Metiron. Ya daɗe. Da ya fito ya yafito ni, ya ja ni bayan sito inda babu kowa. Ya ce,

"Rabi, kin girma. Zan ɗora miki kaya, ki yi haƙuri."

Inna ta rasu ranar Juma'a, zazzaɓin kwana biyu. Kawun Dije ya ce kada a ɗaga ta sai ta gama, Mama Metiron ta amince. Ba za a kira ta da mayafi ba sai ranar takardar ƙarshe. Amma in ƙulli bai zo ba za ta gane, don bai taɓa fashi ba. Ya miƙo mini shi, ɗaure a yankin atamfar da na sani.

"Uwarki ce ta daka, ta shiga gidan ta nemo tsumman ta ɗaure. Ki ba ta kamar kullum."

Na ce, "Baba, in ta tambaye ni fa?"

Ya ce, "Ki ce lafiya lau."

Mutumin da ko a kan wanda ya shanye sukari bai yarda mu yi masa ƙarya ba. Ya faɗi haka yana kallon katangar sito. Dije ta zo ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa a gajarce, ya ce mota za ta tashi, ya tafi ko ruwa bai sha ba. Na wanke fuskata a famfo na kai mata ƙullin a ɗaki. Ta kwance shi a kan gado tana murna, sannan ta ɗago.

"Saƙon fa? Yau tsohuwar ba ta ce komai ba?"

Ban shirya wa wannan ba, Baba ma bai tuna da shi ba. Na ji bakina yana cewa,

"Ta ce ki yi karatu, ki rage surutu."

Dije ta tuntsire da dariya har da dukan katifa. Ta ce, "Wallahi ita ce. Ko a mafarki na ji wannan na san Inna ce."

Wannan ita ce ƙaryar da ta fi tsaya mini a rai duk rayuwata. Na ɗauki magana na sa a bakin matar da ke kwance a kabari, kuma ta yi kama da ita har 'yarta ta shaida.

Da yamma aka kawo tuwo, ta buɗe gwangwanin ta barbaɗa mana. Ta kai loma ɗaya, ta tsaya tana juya harshe.

"Inna ta fara tsufa, Rabi. Ta manta kimba, ga gishiri kamar za a jeme fata. Bari in koma, sai na yi mata tsiya a gaban masu sayen daddawarta."

Kwana goma sha ɗaya muka yi a haka. Halin nan nawa na kuka shi ya rufa mini asiri, domin duk wadda ta gan ni da jan ido sai ta ce tsoron jarrabawa ne. Dije kan zaunar da ni a gindin mangwaro da allo da alli tana maimaita mini lissafi, tana cewa, sarkin kuka, tun ba a raba takardar ba kin fara zaman makokinta? Tana tsimin yajin nan, rabin cokali a kowane ci, wai ya kai mu har ranar tafiya. Ni kuwa kowace loma kamar tsakuwa nake haɗiya. Duk wannan da sauƙi a kan lokacin salla. Tabarma ɗaya muke shimfiɗawa, kuma Dije ba ta iya addu'a a zuci ba, a fili take yi ƙasa-ƙasa kamar mai hira. Kullum in ta sallame sai ta ɗaga hannu ta ce, Allah ka ƙara wa Inna lafiya, ka ja kwananta ta ci albashina na fari, ka sa in sauke mata turmin nan ta huta. Ni ina gefenta, kafaɗa da kafaɗa. A zuciyata ina cewa Allah ka jiƙan Inna, ka haskaka kabarinta. A baki kuma ina cewa amin, don in ban ce ba za ta juyo.

Ranar da aka yi bakwai na kasa. Na je wurin Mama Metiron na durƙusa na ce ko dai ta gaya mata ko ta canza mini ɗaki. Ta ja ni jikinta, tana warin sabulun salo da man kaɗanya, ta bar ni na yi kukana. Sannan ta ce,

"'Yata, in kin faɗa yau ke ce za ki huta. Ita kuwa ta rasa uwa, ta rasa takarda, ƙannenta uku su rasa mai riƙe su. Wanda ya tafi ya tafi. Daure mini kwana shida."

Na daure. Ranar Alhamis muka fito daga takardar ƙarshe, 'yan mata suna guɗa suna jifa da kallabi sama. Muna shiga ɗaki Dije ta haye gadonta tana rawa a zaune. Sai ga Mama Metiron a bakin ƙofa.

"Dije, ɗauko mayafinki, ana son ganinki a gida. Rabi, ke ma ɗauko naki."

Ɗakin ya mutu. Dije ta dubi Mama Metiron, sannan ta sunkuyo daga saman gadon ta dube ni. Washegari da sassafe aka sa mu a mota. Tafiyar yini ce, muna zaune a kan buhunan gyaɗa, ba ta yi mini magana ba har rana ta take. Da direba ya tsaya a wani ƙauye don a yi azahar, muka samu inuwa a bayan masallaci, ta yi alwala da ruwan butata, sannan ta tambaye ni ba tare da ta kalle ni ba.

"Wane ne?"

An ce in riƙe har ƙofar gida. Na ce, "Inna ce."

"Yaushe?"

"Juma'ar da ta wuce kafin ziyara."

Na ga tana lissafi da yatsu a kan gwiwarta. Ta ce, "Yajin fa?"

"Babata ce ta daka."

"Saƙon?"

Na kawar da fuska. Ta gyaɗa kai. Ta tashi ta yi sallarta, ta daɗe a sujada, har yaran mota suka fara kira. Da ta sallame ta ninke mayafinta a kafaɗa, ta ce da ni cikin wata murya mai sanyi da ban san ta da ita ba,

"Rabi, ban ce kin cuce ni ba, na san sa ki aka yi. Amma mako biyu tana kwance a ƙasa, lokacin da ta fi bukatar bakina, ni ina can ina roƙa mata tsawon rai. Ko sau ɗaya ban ce Allah ya jiƙanta ba. Ke kuma kina gefena kina cewa amin."

Dije ta ci jarrabawa, ita ce ta ɗaya a ajinmu. Ta yi koyarwa, ta zama shugabar makaranta, ta aurar da ƙannenta biyu, ta kai ɗayan har jami'a. Duk abin da Mama Metiron ta faɗa ya tabbata, ban ɓoye muku wannan ba. Ni shekara guda na koyar na yi aure na zauna renonku. Ba mu yi gaba ba. Ta zo bikina, ta zo sunan yayanku, kun san ta, ita ce Anti Dije mai kawo muku alli da littafi. Amma ba mu ƙara sa hannu a kwano ɗaya ba. In na je gidanta sai ta zuba mini nawa daban, a kwano mai kyau, da fara'arta. Sau ɗaya na roƙe ta gafara, muna da furfura duka, ta ce ta yafe tun a bayan masallacin nan, kawai dai in ta gan ni kwanakin take tunawa. Shekara shida ke nan da rasuwarta. Allah ya jiƙanta, ya jiƙan Inna.

To ku dawo da ni Abu Hail. Talata na riƙe, Laraba na riƙe. Ummi a ɗakina take salla in tana gida, don ta ce dardumata ta fi taushi. Ranar Alhamis da magariba muka idar, ta ɗaga hannu tana addu'arta da Hausarta da ta gauraye da Turanci da Larabci. Ta roƙi sauƙin jarrabawa. Sannan ta ce Allah ya ba Hajiya Babba lafiyar gwiwa, ya sa in ta je hutu ta same ta da ƙarfinta su je kasuwa tare, kamar yadda suka tsallaka zuwa Bur Dubai a abra, ɗan jirgin ruwan nan, shekarar da ta zo, tana ƙanƙame da hannunta tana salati. Ta shafa, ta juyo.

"Iya, ba ki ce amin ba."

Na ce tari ne ya sarƙe ni. Ta tashi ta kawo mini ruwa.

Da safe, bayan motar makaranta ta ɗauke ta, na tare Zainab tana shirin fita asibitin da take aiki. Na ce a gaya wa yarinyar nan.

"Mama, don Allah. Kwana shida ya rage. Kalas, an riga an gama wannan maganar."

Na ce, "Tana roƙa wa matacciya lafiyar gwiwa, Zainabu."

"Allah ya san niyyarta ai, Mama. Ba zai kama ta da abin da ba ta sani ba. Uwarsa ce, 'yarsa ce, shi ya ce a jira. Ni me zan ce masa?"

Gaskiya ta faɗa, kuma na san malamai ma haka za su ce. Na buɗe baki in ba ta labarin Dije, sai na ga tana duba agogo, lifta tana jira. Ta fita. Da na yi abin da ya dace, da na kira Baban Ummi a Kano na nemi izininsa. Ban kira ba, don na san zai ce a'a, kuma na san ba zan iya sake cewa amin ba. Wannan laifina ne, ba na kowa ba. Abin da kawai na yi na dabara shi ne na duba takardar jadawalin da ke manne a jikin firij. Ranar Juma'a da wuri suke tashi, takarda ta gaba kuma sai Litinin. Na ce tana da kwana biyu da rabi ta yi kukanta.

Kun san abin da ya biyo baya. Kwana biyu ba ta ci abin kirki ba. Ranar Litinin ta shiga jarrabawar kimiyyar haɗa magunguna da kumburarrun idanu, kuma a wannan takardar ce makinta ya gaza. Gurbin karatun likitan da take nema bai samu ba a bana, sai ta sake zama baɗi. Shekara guda ta rayuwar yarinya, ni na jawo, ba na musu. Zainab ta yi mako ba ta haɗa ido da ni ba. Baban Ummi ya dawo, har yau yana durƙusawa ya gaishe ni safe da yamma, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Na ba shi haƙuri ya ce babu komai, Mama. Amma da can yakan kawo shayinsa ɗakina bayan la'asar ya zauna yana ba ni labarin 'yan kasuwar Kano da rigimarsu a kan awon kaya, yanzu a falo yake sha. Mutumin da ke cikin zafin rashin uwa ya roƙe ni abu ɗaya a gidansa, na ce to, na saɓa. Wasunku sun ce tsufa ne, bakin Mama ya daina riƙe magana. Ban ji haushi ba. Ina dai so ku san cewa bakin nan ya taɓa riƙewa, kuma na ga abin da riƙewar ta haifar.

Ban rubuta wannan don ku ce na yi daidai ba. Ni kaina in na tuna ƙannen Dije sai in ce Mama Metiron ce mai gaskiya, in na tuna bayan masallacin nan kuma sai in rasa ta cewa. Wataƙila da an bar Ummi ta gama, da yanzu tana jami'a, ta yi kukanta daga baya ta warke kamar kowa. Allah ne masani, shi nake roƙo ya yafe mini inda na yi kuskure.

Saura abu ɗaya da babu wanda ya sani sai ni da ita, don babu kowa a gidan. Ta dawo ranar Juma'ar, ta ci abinci, ta ɗan kwanta. Da aka kira la'asar ta shigo ɗakina da hijabinta. Muka yi salla. Kafin ta ɗaga hannu na kama hannun na riƙe a cinyata, na kira ta da sunanta na gaskiya, wanda ba a faɗa a gidan. Na ce mata Hajiya Babba ta rasu ranar Talata bayan asuba, ba ta sha wahala ba, da kalmar shahada a bakinta, kuma wurin zaman makokinta Abbanta ya tafi. Na ce sun ɓoye mata ne don suna sonta, kada ta riƙe su, ni ma da ni aka ɓoye.

Ba ta yi ihu ba. Ta zuba mini ido, sannan ta kifa kanta a cinyata. Na bar ta. Ina shafa bayanta ina jin hawayenta yana ratsa zanena, har hasken taga ya fara ja. Can ta ɗago ta share fuska da gefen hijabi, ta gyara zama ta fuskanci alƙibla, ta ɗaga tafukanta biyu. Sai ta juyo gare ni, muryarta a dishe, ta ce,

"Iya, me ake cewa? Ban taɓa yi wa nawa ba. Ki faɗa a hankali, ina bin ki."